Kogin Kwara da Zaman Jama'a a Ƙasar Yawuri: Yadda Ruwa Ya Tsara Mazauni da Noma

Gabatarwa

 

A daminar shekarar 2012, lokacin ina bakin aiki, ina cikin ma'aikatan da aka tura su ƙiyasta ɓarnar da ambaliya ta yi a wasu garuruwan bakin Kwara. Mun kwana da yawa muna yawo a kwalekwale, muna rubuta gidajen da suka rushe da gonakin da ruwa ya cinye. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, kusan duk inda muka je, tsohuwar unguwa inda masallacin Juma'a da gidan hakimi da maƙabarta suke, sai mu tarar da ita a bushe. Sababbin unguwannin da aka yanka daga baya su ne ke cikin ruwa, har da makarantu da ɗakunan shan magani. A wani ƙauye wani dattijo ya kai mu gindin wata tsohuwar tsamiya, ya ce tun yana yaro iyayensu suka hana su kafa ɗaki a ƙasa da ita, domin nan ne iyakar ruwa a shekarar da ya yi fushi.

Tun daga ranar nake tunanin cewa tsarin garuruwanmu na bakin kogi ba haka kawai ya faru ba. Kogin ne ya nuna wa mutane inda za su zauna, da abin da za su shuka, da lokacin da za su shuka shi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda hakan ya kasance a ƙasar Yawuri da maƙwabtanta, domin malaman makaranta su sami abin koyar da yara, dattawa kuma su gwada shi da abin da suka gani da idonsu.

Mafarin Kogin da Tafiyarsa

Kogin Kwara, wanda littattafan makaranta ke kira Neja, shi ne na uku a tsawo a Afirka, bayan Nilu da Kwango. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. Ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, wurin da bai fi nisan kilomita 240 daga Tekun Atlantika ba, amma maimakon ya gangara tekun nan da ke kusa, sai ya juya mata baya ya nufi arewa maso gabas. Ya bi ta Bamako da Mopti, ya wuce kusa da Tambutu a bakin Sahara, sa'annan ya karkato kudu ta Gawo da Yamai da Gaya. Yana shigowa Nijeriya ne ta ƙasar Dandi da Bagudo a Jihar Kebbi. Ita kanta kalmar Dandi, a harshen Sanwai, tana nufin gangare, wato inda ruwa ya nufa. Bayan ya shigo, Gulbin Kabi ya zuba masa ruwan da ya tattaro daga Rima da Sakkwato da Zamfara da Ka. Daga nan ya ratsa ƙasar Yawuri da Bargu, ya wuce Jabba, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, har ya faɗa teku.

Wannan doguwar tafiya ita ce tushen duk bayanin da zai biyo baya, domin ita ce ta sa Kwara ke cika sau biyu a shekara a ƙasarmu, abin da sauran gulaben yankin ba su yi.

Farin Ruwa da Baƙin Ruwa

Cika ta farko ita ce ake kira farin ruwa. Ruwan daminarmu ne, wanda Gulbin Kabi da ƙananan koguna irin su Malando da Kwantagora ke kwararowa da shi. Yakan fara tasowa a watan Yuli, ya kai ƙarshen ƙarfinsa a Satumba zuwa farkon Oktoba. An kira shi fari ne saboda laka da yumɓun da yake ɗebowa daga gonaki, waɗanda ke sa shi ya yi kamar an dama ƙullu a ciki. Yana zuwa da gaggawa, kuma shi ne ya fi ɓarna. A Yamai, saboda jar ƙasar da yake wankowa, jan ruwa ake ce masa.

Cika ta biyu ita ce baƙin ruwa. Wannan ruwan saman da aka yi ne a Gini a watannin Agusta da Satumba. Kafin ya iso mana sai ya shiga wata makekiyar fadama a ƙasar Mali, wajen Masina, inda ƙasa take shimfiɗe ƙwarai. A nan yakan bazu ya cika tafkuna da ƙoramu, ya rage gudu, rana ta shanye kaso mai yawa daga cikinsa, lakarsa kuma ta kwanta. Abin da ya rage shi ke fitowa sannu a hankali, ya iso ƙasar Yawuri daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, a tsakiyar hunturu, bayan ya share watanni a hanya. Da yake babu laka a cikinsa, garau yake, wanda ya leƙa shi daga kwalekwale sai ya gan shi da duhu.

Idan muka duba da kyau, wannan ba ƙaramar baiwa ba ce. Ƙasar Yawuri tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, tsakanin Mayu da Oktoba, sa'annan sama ta ɗauke. A daidai lokacin da rafuka suka ƙafe, ciyawa ta bushe, manomin tudu ya rataye fartanya, sai ga kogi ya sake cika ba tare da hadari ba. Farin ruwa ya zubar da taki, baƙin ruwa ya kawo ban-ruwa har bakin gona. Kafin a gina madatsa, kogin ba ya yin ƙasa sosai sai wajen Mayu da Yuni, gab da sabuwar damina.

Tudu da Fadama da Gungu

Mutanen bakin kogi sun kasa ƙasa gida uku bisa ga yadda ruwa ke taɓa ta, kowane kashi kuma da amfaninsa.

Na farko shi ne tudu, inda ruwan kogi ba ya kaiwa. A nan ake shuka gero da dawa da maiwa da wake da gyaɗa da ruwan sama. A nan kuma ake kafa gida da rumbu da maƙabarta. Amma ba a yin nisa da ruwa. Tsohon gari yakan zauna ne a leɓen tudu, inda mace za ta iya zuwa ɗibar ruwa ta dawo, inda mai jirgi zai iya hango jirginsa, amma inda ruwan shekara mafi tsanani bai taɓa kaiwa ba.

Na biyu shi ne fadama, wadda ruwa ke rufewa duk shekara ya janye. Babban amfaninta ita ce shinkafa. Shinkafarmu ta gida, mai jan ɓawo, ba daga Asiya ta zo ba. Masana sun nuna cewa a kwarin wannan kogi aka fara noma ta. Daga cikin ire-irenta akwai wadda ake shukawa da ruwan farko kafin kogi ya taso, idan ruwa ya zo sai ta riƙa tsawo tana bin sa, kanta yana bisa, har a wasu wurare a kwalekwale ake yankan ta. Manomi ya san wace iri ce ke son zurfi, wace ce ke son bakin gaɓa. Bayan ruwa ya janye akan sa dankali da rogo da taba da kabewa a danshin da ya bari. Haka kuma a fadama ne burugu ke fitowa, ciyawar ruwan nan mai zaƙi da ke riƙe shanu da rani. Saboda ita Fulani ke gangarowa bakin kogi bayan kaka, su sauka a gonakin da aka girbe, shanu su ci kara su bar taki.

Na uku shi ne gungu, wato tsibiri. Kafin a gina madatsa, tsakanin Yelwa da tsohuwar Busa kogin ya rarrabu, ya kewaye tsibirai masu yawa, mafi girmansu shi ne Foge. Gungu yana da tudunsa da fadamarsa a ƙanƙanin wuri, ga kifi ta kowane gefe, ga kuma tsaro, domin dokin mahari ba ya ƙetare ruwa mai zurfi. A bakin gungayen nan ne noman albasa ya shahara. Akan yafa iri a ƙarshen damina, a dasa a farkon hunturu cikin ƙananan fangali, a riƙa ɗibar ruwa da ƙwarya ana watsawa. Aiki ne mai wuya, kuma ba zai yiwu ba in da ruwa ya yi nisa. Baƙin ruwa ne ke riƙe kogin a kusa da fangali har albasa ta kusa nuna. Wannan shi ne asalin sunan da albasar Yawuri ta yi a kasuwannin kudu.

Mazauna da Sana'o'insu

Wannan rabon ƙasa ya haifar da rabon jama'a. Mutanen da Hausawa ke kira Gungawa, wato mutanen gungu, su suna kiran kansu Reshe, kuma suna da harshensu. Su ne tsofaffin mazauna tsibiran, manoma ne kuma masunta. Kambari sun fi zama a tudu, sun shahara da noman dawa. Shangawa da Lopawa suna bakin ruwa da wasu tsibirai. Sarkawa, waɗanda sunansu ke da nasaba da Sorko na daular Sanwai, su ne ƙwararrun masunta da ke bin kifi daga wuri zuwa wuri, a da kuma su ne masu farautar dorina. Fulani suna zuwa da rani su koma da damina. Hausawa kuwa sun fi taruwa a garuruwan kasuwa da na sarauta. Kowane yana buƙatar ɗan'uwansa: mai kifi yana son dawa, mai dawa yana son jirgin fito, mai shanu yana son burugu, mai gona yana son taki.

Sunayen wurare ma shaida ne. Inda aka ji Gungu, kamar Gungun Sarki, an san tsibiri ne ko asalin mutanen daga tsibiri suke. Inda aka ji Tunga, an san wani ne ya kafa bukka don su ko noma, mutane suka taru har ta zama ƙauye. Inda aka ji Birni, an san wuri ne na tudu da aka kewaye da ganuwa.

Hatta fadar Yawuri ta bi wannan tsari. Tsohuwar hedikwata, Birnin Yawuri, tana kan tudu, 'yar tazara daga kogi. A tsakiyar ƙarni na 19, da rikicin sarauta da yaƙe-yaƙe suka tsananta, sai sarauta ta koma tsibirin Ikum, inda ruwa ya zama ganuwa. Da ƙura ta lafa, Sarki Abdullahi Abarshi, wanda ya hau gadon sarauta a 1888, ya zaɓi Yelwa a bakin kogi ta zama mazauninsa. Wato a lokacin tsoro an shiga tsakiyar ruwa, a lokacin kwanciyar hankali an fito bakin gaɓa inda kasuwa take.

Bugu da ƙari, kogin ya tsara inda fatake ke bi. Ayarin da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro dole ne ya ƙetare Kwara, kuma ba ko'ina ake iya fito da jakuna da kaya ba. Mafitai irin na Yawuri da Illo da Gaya sun zama zango, masu jirage suna samun ladan fito, sarakuna suna karɓar kuɗin hanya. A wajen Busa kuwa duwatsu sun tsaya a tsakiyar ruwa, yana bi ta kansu da ƙarfi, manyan jirage ba su wucewa lafiya. A nan ne Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806. Richard Lander da ƙanensa John sun zo Yawuri a 1830 suna neman takardunsa, kafin su gangara su tabbatar da inda kogin ke faɗawa teku.

Ba alheri kaɗai kogin ke bayarwa ba. A wuraren da ruwa ke gudu bisa duwatsu ne wani ɗan baƙin ƙuda ke haihuwa, wanda cizonsa ke jawo ƙaiƙayi da makanta. Sauro da tsargiya su ma abokan zaman bakin ruwa ne. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa wasu wurare masu kyawun ƙasa suka kasance da ƙarancin mutane.

Madatsar Kainji

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka rufe ƙofofinta a 1968, domin samar da wutar lantarki. Cikin 'yan watanni ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135 da faɗin ƙasa kimanin murabba'in kilomita 1,250, bakinsa na arewa ya kai Yelwa. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina Sabuwar Busa. Mafi yawan Foge da sauran tsibirai sun shige ƙarƙashin ruwa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar aka sake musu mazauni.

Ina ɗan shekara takwas a lokacin. Abin da nake tunawa shi ne jirage cike da turame da ƙyamare da awaki, da wata tsohuwa daga dangin mahaifiyata da ta ƙi cin abinci kwana biyu, ba don ɗakinta ba, sai don kaburburan iyayenta da aka bari.

An gina wa mutane gidajen bulo masu lanƙwasasshen rufin asbesto, an yi rijiyoyi da makarantu da kasuwanni. Amma gida daban, gona daban. Bagunge da ya gaji noman fangali a bakin ruwa sai ya wayi gari a kan tudu, da ƙasa mai tsakuwa wadda ke buƙatar hutu, a maƙwabtaka da Kambarin da suka riga shi a wurin. Wasu sun koyi noman tudu, wasu sun bar gidajen sun koma bakin tafki sun kafa tunga. Ƙauyuka da dama kuma sun daɗe suna kallon wayar lantarki tana wucewa ba su ga haskenta ba.

Kalandar ruwa ita ma ta sauya. Yanzu farin ruwa ke cika tafkin daga wajen Agusta, baƙin ruwa ya riƙe shi a cike har ƙarshen hunturu, sa'annan a riƙa sakin sa don juya injuna, har ya sauka da kimanin mita 10 kafin tsakiyar damina. Ƙasar da ke buɗewa a wannan janyewa ta zama sabuwar fadama, ana noma ta ana kiwo a kanta, amma dole a kwashe amfani kafin ruwa ya dawo. Su ma ya bunƙasa da farko: kamun 1971 ya haura tan 28,000, masunta suka yi ta zuwa daga nesa suna kafa tungaye, amma kafin ƙarshen shekarun 1970 ya faɗi ƙasa da tan 5,000. Nutsewar duwatsu ta kawar da ƙudan makanta daga tsakiyar tafkin, sai dai kwantaccen ruwa ya dace da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya. Haka kuma dangi da kasuwannin da a da ɗan fito kaɗan ya raba, yanzu ruwa mai faɗi da igiya da kututturan itatuwa ne a tsakaninsu. Haɗarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayun 2021, inda rayuka masu yawa suka salwanta, ya tuna mana da haka. An yi dokar kafa hukumar raya yankunan madatsun lantarki, HYPPADEC, a 2010, amma sai bayan shekara goma ta fara aiki.

Halin da Ake Ciki

Daga shekarun 1990, shirin Fadama ya yaɗa ƙananan injunan ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi. Inji ya maye gurbin ƙwarya, noman rani ya faɗaɗa, shinkafa ta zama ta sau biyu a shekara. Shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya ƙara jawo mutane cikin fadama. Wannan ci gaba ne da ba a musun sa. Amma ya zo da matsaloli biyu. Ta farko, an noma wuraren burugu da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya, abin da ke haddasa saɓani tsakanin manomi da makiyayi. Ta biyu, sababbin ire-iren shinkafa gajeru ne, suna ba da yawa, amma ba su bin ruwa kamar ta gida. Ambaliyar 2020 ta same su gab da girbi, ta bar manoma da bashi.

Akwai kuma abin da ya shafi mantuwa. Shekarun fari na 1970 da 1980 sun yi tsanani, har a watan Yunin 1985 kogin ya daina gudu a Yamai. Waɗanda suka tashi a wannan zamani sun ga fadama a bushe shekara da shekaru, suka ɗauka fili ne. Jama'a ta ƙaru, aka yanka fulotai a ƙasa da tsamiyar da dattijon nan ya nuna mana. Da ruwa ya dawo a 2012 da 2020 da 2022, hanyarsa ta da ya bi.

Kammalawa

Daga bayanin da ya gabata, mai karatu zai fahimci cewa magabatanmu sun zauna da Kwara ne bisa sanin halinsa: gida a tudu, shinkafa a fadama, albasa a bakin gungu, kowane a lokacinsa. Madatsa da inji sun sauya abubuwa da yawa, amma ba su sauya gangaren ƙasa ba.

Saboda haka ina ba malamai shawara su fita da ɗalibai su zagaya garinsu. Su tambayi tsofaffi inda ruwa ya tsaya a manyan shekarun ambaliya, su sa alama, su zana taswira. Su rubuta sunayen ire-iren shinkafar gida da na kifi da na tungaye da ma'anarsu, su kuma rubuta sunayen gungayen da suka nutse tun waɗanda aka haifa a cikinsu suna raye, domin ƙaraminsu a yau ya doshi sittin. Hakimai da masu yanka fulotai kuma su nemi wannan taswira kafin su ba da wurin gina gida ko makaranta. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Allah Ya ba mu albarkar ruwa, Ya kare mu daga sharrinsa, amin.